Alhaji Randa Ya Rame

Birnin Kudu,
Oktoba, 2001.

Zuwa ga baiwata Kaltume, a Zandam.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗanki Rilwanu da ƙannensa, da baffansu Malam Hambali da mutanen gidansa. Allah ya jiƙan mai gidanki, ya raya abin da ya bari. Mu ma nan muna lafiya. Uwargida Barira tana gaishe ki. 'Yata Munira kuwa da na ambaci sunan Rilwanu sai ta ruga ɗaki, wai ita kunya, alhali ita ce take tare direbana Abdulsalami a ƙofar gida tana tambayar ko an ba da saƙo daga Gwaram.

Kada ki tsuke fuska don na ce baiwata. Ubana da uwarki ciki ɗaya suka fito, ni ɗan namiji, ke 'yar mace, ba ni na tsara haka ba. Ke ma ai tun muna yara kika liƙa mini Randa, har yau yaran tasha da shi suke kirana a bayan idona.

To, randar ta kusa fashewa. Ranar wata Laraba ina zaune a bencina a tasha ana lodin motar Kano, na miƙe zan yi wa kwandasta magana, sai na ga duhu. Mutum huɗu suka kasa ɗaga ni, sai da aka ƙara biyu. A asibiti aka ɗora ni kan sikeli, yarinyar da ke dubawa ta sauke ni ta sake ɗorawa, wai ko sikelin ne ya lalace. Likita ya ce suga ne da hawan jini, kuma sun daɗe a jikina. Ashe yawan ƙishirwa da yawan zagayawar nan da nake ɗora wa zafin gari, su ne.

Ya ce in faɗa masa abin da nake ci. Na fara: shayi mai kauri da biredi da ƙwai da safe, waina kafin hantsi, fura da rana, shinkafar mai abinci ta tasha, lemon kwalba duk sanda baƙo ya zo, kuma baƙi ba sa yankewa, balangu da la'asar, sannan tuwon Barira da man shanunki. Ban gama ba ya ajiye bironsa ya ce, "Alhaji, na mako ne wannan ko na yini?"

Dokarsa ita ce in bar suga da lemo, tuwo malmala ɗaya ƙarama, ganye da wake da yawa, ga ƙwayoyi safe da yamma, kuma in riƙa tafiya a ƙasa kullum. Ni da motoci biyu! Ya ce in ban rage jikin nan ba, ido ko ƙafa ko ƙoda, ɗaya zai fara tafiya. Wallahi na ji tsoro, Kaltume, ba zan ɓoye miki ba.

Saboda haka ki dakata da aiko man shanu da zumar nan. Maganar yaran kuma tana nan yadda muka yi, bayan babbar Sallah Malam Hambali ya turo a sa rana.

Ubangidanki,
Ishiyaku.

Zandam, Gwaram,
Nuwamba, 2001.

Zuwa ga Alhaji Randa.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, muna lafiya, sai dai sauro da ya hana yara sakat. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka gaida Barira da surukata.

Baiwarka tana can inda ka saye ta. Ni dai na karanta takardar nan sau biyu, kuma abin da na gane shi ne man shanun ƙauye ya zama abin ƙyama a gidan masu mota. Shekara nawa ina kaɗa shi da hannuna ina aiko maka, ban taɓa fashi ba ko da shekarar da na yi takaba. Yau rana ɗaya wani yaro mai farar riga ya ce ka bari, ka bari. Na ji haushi, kuma gara in faɗa maka da in riƙe.

Mu zuriyarmu ina ka taɓa ganin siriri? Kakarmu Hapsatu sai a kaikaice take shiga ƙofar ɗakinta, kuma sai da ta ga jikokin jikokinta. Jikin nan naka shi ne kwarjininka. In ka shigo Zandam ka sauko daga mota, mata leƙe suke ta katanga suna cewa ga ɗan'uwan Kaltume nan, Allah ya yi masa rufin asiri. Barira ma da shi ake yaba mata, ana cewa ta iya riƙon miji. Yanzu so kake ka koma kamar karan dawa mutane su ce yunwa ake yi a gidanka?

Amma tunda abincin awaki kake so, ga busasshen zogale nan rabin buhu na ba Abdulsalami, da ɗan wake. In ka fara kukan akuya ka aiko a gaya mini. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Kaltume, 'yar halak, ba baiwar kowa ba.

Birnin Kudu,
Janairu, 2002.

Kaltume,

Sallama da gaisuwa. Mun yi Sallah lafiya, da fatan ku ma haka. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ɗaya motar ce ta kwanta mana a hanyar Bauchi, sai da aka sauke inji.

Haba Kaltume, ni zan ƙi man shanunki? Ranar da gwangwanin ƙarshe ya ƙare, Barira ta kama ni ina shinshina murfin. Ba ƙyama ba ce, ran nake so.

Zogalenki ya yi aiki. Azumi ya taimake ni ƙwarai. Likita ya sauya mini lokacin shan magani, ni kuma na daina haɗa kunu da ƙosai da tuwo da nama a zama ɗaya in an sha ruwa. Makonnin farko na sha wuya, in na wuce mai balangu har idona ruwa yake kawowa. Yanzu kullum in an idar da Asuba sai in miƙi hanyar Kangire da ƙafa, in je har wata tsamiya in juyo. Da farko ko rabin hanya ba na kaiwa sai na zauna a bakin kwalbati ina haki.

Ga labarin da zai ba ki dariya. Na yi sujada na tashi ba tare da na dafa bango ba. Jikana ya daina ɗaura mini takalmi. Tela ya rage mini wanduna har sau biyu. Kuma shekaranjiya ina tsaye a banɗaki na duba ƙasa, sai ga yatsun ƙafata! Rabona da in gan su a tsaye tun kafin a ba mu jiha. Na tsaya na ƙirga su kamar yaro, goma ne cif, babu wanda ya ɓata. Likita ya ce sugan ya sauka sosai, jinin ma haka, in ci gaba.

Abu ɗaya ne yake ɗan ba ni mamaki. Mutanen tasha sun cika yi mini sannu. Mai shayin da na shekara goma sha ina sha a wajensa, yanzu da nake karɓar ruwan bunu ba suga, na lura kofi ɗaya yake ba ni kullum, yana ajiye shi daban a ƙarƙashin tebur. Na ɗauka girmamawa ce. Wanzamina kuma ya ce in riƙa zuwa da askata.

A gaida Malam Hambali, a ce masa muna sauraronsu bayan Layya.

Ishiyaku.

Zandam,
ƙarshen Fabrairu, 2002.

Yaya Ishiyaku,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Yau babu wasa a takardar nan, ka karanta kai kaɗai.

Kofin nan da aska ba girmamawa ba ce, kuma ina jin kai ma ka sani. Maganar ta iso Zandam tun kafin Layya. Wani ɗan garin nan da ya je kasuwar Birnin Kudu ya gan ka a tasha, ya dawo yana rantsuwa wai bai gane ka ba sai da ka yi magana. Ya ce wuya ya fito, riga tana yawo a jikinka. Daga nan aka fara lissafi: mutum mai motoci, wanda ya yi shekaru yana kwana a Legas da Fatakwal lokacin yana tuƙi, ga shi kullum a asibiti, ga rama rana ɗaya. Cewa suke ciwon nan na zamani ne. Ƙanjamau. Na rubuta sunan don kada ka ce ban fito fili ba.

Na yi faɗa har muryata ta dashe. Na ce suga ne. Matar Malam Hambali ta ce ai duk haka suke cewa, wanda aka binne a unguwarsu bara ma taifot aka ce. Da na ce da gangan kake ragewa, dariya aka yi mini. Wa ya taɓa ganin mai arziki ya rame da gangan?

Malam Hambali ya kira ni zaure. Bai ce ya fasa ba. Ya ce a dakata da sa rana tukuna, wai in abin yana gidan, ba a san wa da wa ya shafa ba. Ka san tun rasuwar mahaifin Rilwanu shi ne uba, ba ni da ikon tura kowa neman aure in ba da yawunsa ba. Rilwanu ya daina cin abincin kirki, yana can gona tun safe har magariba ba ya magana da kowa. In aka fasa auren nan da wannan dalili, ka san babu wanda zai sake taka ƙofar gidanka saboda Munira. Abin da ke hana ni barci ke nan.

Ka yi tunani ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Kaltume.

Birnin Kudu,
Maris, 2002.

Kaltume,

Gaisuwa. Jiki da sauƙi, zuciya ce babu daɗi.

Na karanta. Na yini ban fita tasha ba. Ni Ishiyaku, da jikokina, a ce da ni haka? Barira ta yi kuka, ashe ita ta daɗe da ji a gidan suna, ta ɓoye mini. Munira ba mu gaya mata ba, amma ba yarinya ba ce, ta daina tare Abdulsalami a ƙofa.

Na koma asibiti da ƙafata na ce a gwada jinina a kan wannan ciwon, aka gwada ni da Barira. Babu komai, kamar yadda na sani. Ga takardar nan a cikin ambulan, ki kai wa Malam Hambali, ya nemi wanda ya yarda da shi ya karanta masa. Likita ya ce kada in kula su, in riƙe abin da na fara. Shi ba shi da 'ya a ɗaki, shi ya sa.

Ishiyaku.

Zandam,
Maris, 2002.

Yaya,

Sallama. Na kai. Malamin firamare ya karanta masa a gabana. Ya juya takardar gaba da baya ya miƙo mini, ya ce mai mota biyu ba zai rasa wanda zai buga masa hatimi ba. Ya ce shi ba ya karatun boko, amma yana da ido, kuma mai lafiya a fuska ake ganinsa.

To tunda ido yake so, mu ba shi ido. Cika-ciki ya kusa. Ka zo mana nan ka yi shi, ka zauna a zaurensa cikin mutane ka ci abinci irin cin da suka san ka da shi. Na ajiye jelar ragon Layya, zan yi tuwon shinkafa da miyar taushe da funkaso. Sannan ka ɗan saki jiki wata biyu ko uku kumatun nan su dawo, ka kuma rage zaryar asibitin nan da ake ganinka. Da an sa rana an ɗaura, ka koma wa zogalenka, babu mai hana ka. Shekara talatin kana ci ba ka mutu ba, wata uku ba za su kashe ka ba, in Allah ya yarda.

Don Munira nake roƙonka.

Kaltume.

Zandam,
Afrilu, 2002.

Zuwa ga Alhaji Randa, mai cinye tukunya.

Assalamu alaikum. Da fatan kun isa gida lafiya. Kai, Allah ya shi maka albarka! Har yau maganarka ake a Zandam. Malmala biyar, ban da funkaso, ban da ƙwaryar furar da ka shanye a tsaye. Yaron da ya kwashe kwanuka ya ce ko wanki ba sa buƙata. Ina daga cikin gida ina jin Malam Hambali yana cewa a ƙaro wa Alhaji miya. Washegari ya ce da ni mai wancan ciwon ba ya iya cin haka, amma dai a ga yadda jikin zai yi zuwa faɗuwar ruwa.

Na ga kana ta shan ruwa kana fita bayan gida, na ce ko yajin ne ya yi yawa. Ka yafe mini, hannuna ne ya zarce.

Ga man shanu gwangwani biyu da zuma da nakiya. Kada ka yi wasa, saura ƙiris.

Kaltume.

Zandam,
Yuni, 2002.

Yaya Ishiyaku,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ya sauka, mun yi shuka, har gero ya fara tsiro.

Shiru haka? Takarda biyu na aiko ba amsa. A watan jiya Abdulsalami ya ce mini ka murmure har tela ya fara buɗe wanduna, na yi murna na kai wa Malam Hambali labari. Yanzu kuma mako uku ke nan wani direba ne yake jan motar, na tambaye shi ya ce shi sabo ne bai san komai ba. In fushi kake da ni saboda nakiyar ba ta yi daɗi ba, ka faɗa. In kuma ƙiba ce ta dawo har hannu ya kasa riƙe biro, ka sa Munira ta rubuta.

Jiya na ga Malam Hambali ya sa babbar riga shi da ƙaninsa sun hau motar Birnin Kudu, ba su gaya mini inda za su ba. Ka amsa mini don Allah.

Kaltume.

Birnin Kudu,
Yuni, 2002.

Baiwata Kaltume,

Assalamu alaikum. Rubutun Munira kike gani, ni nake faɗa tana rubutawa, don idona yana hazo tukuna. Likita ya ce wataƙila ya washe in sugan ya zauna. Ina kwance a asibiti, yau mako na uku. Ni na hana a gaya miki, Abdulsalami kuma yana nan wajena yana taya Barira jinya. Da sauƙi sosai yanzu, kada ki tayar da hankalinki.

Na yi yadda muka shirya. Na koma wa shayi mai kauri da lemo da balangu, na daina bin hanyar Kangire. Asibiti ma na daina zuwa don kada a gan ni, da ƙwayoyin suka ƙare ban karɓo wasu ba. Ba ke kika ɗura mini ba, da hannuna na ci, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗin cin. Kumatu suka dawo. Mai shayi ya mayar da kofina cikin sauran kofuna. Mutane suka koma cewa Alhaji ka yi kyau, ni kuwa a lokacin ko barcin kirki ba na yi saboda ƙishirwa da fitsari.

Lokacin sharar gona na je Kangire duba ma'aikata, kututturen kara ya huda takalmina ya shige ƙafar hagu. Ban ji ba, Kaltume. Ko kaɗan ban ji ba. Ga tumbi ya dawo ya rufe mini ƙasa, ba na ganin wajen. Sai bayan kwanaki Barira ta ji wari ta duba. Muka yi ta sa magani a gida don gudun asibiti, har zazzaɓi ya kayar da ni aka ɗauko ni ban san inda nake ba. An yanke yatsu biyu. Likita ya ce da mun ƙara mako ɗaya, daga gwiwa za a cire. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni dalili, na gaya masa.

Malam Hambali da ƙaninsa nan suka zo, labari ya kai musu. Sun tarar ana wanke ciwon. Ya matso ya leƙa ƙafar da kyau, ya dubi na gadon kusa da ni, wani tsoho daga Yalwan Damai da suga ya cinye wa ƙafa ɗaya, ya tambayi ma'aikaciyar ko ciwonmu iri ɗaya ne, ta ce iri ɗaya ne. Sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi! Ashe da gaske suga ne." Har da kama hannuna yana girgizawa, fuskarsa fal murna. Sai na ce masa na gode.

Sun sa rana a nan bakin gadon, bayan an yanke gero. Munira ta tsaya da rubutu a nan tana kuka, na ce ta share ido ta ƙarasa, aure ne ba makoki ba.

Ga abin da nake so da ke. Zan sake ramewa, kuma wannan karon ƙibar ba za ta dawo ba, ko duk Gwaram za ta taru a kaina. Ranar biki ke za ki zuba mini abinci da hannunki, malmala ɗaya ƙarama da ganye. Duk wanda ya ce Alhaji ya rame, ke za ki ba shi amsa, tunda Allah ya ba ki baki. Man shanun da ya rage Barira ta ajiye wa amarya. Ki aiko zogale.

Ki zo ki gan ni in kin sami mota. Jiya da aka kwance bandejin na ɗaga kai na leƙa, na sake ƙirgawa. Takwas ne.

Ubangidanki,
Ishiyaku Randa.